Kawu da Baƙon da Ya Faɗo Gonar Gero

Tasar ce ta fara ɗaukar idona, ba Inna ba. Ranar sadakar uku ce. Tun daga Kurfi nake shirya kalmomin da zan yi wa matar kawuna ta'aziyya da su, amma ina ɗaga labulen ɗakinta duk suka watse. Kusa da ƙafarta ga wata tsohuwar tasa da ruwa baƙi-baƙi, a cikin ruwan kuma ga dutsen Kawu. Na san dutsen nan kamar yadda na san fuskar mahaifiyata. A da ya kai dunƙulen hannun ƙato, baƙi ƙirin, jikinsa duk 'yan lotsa kamar an danna yatsu a curin fura. Yanzu gefe guda ya siɗe, ya yi sumul kamar sabulun da aka daɗe ana wanka da shi.

Ban ko gama durƙusawa ba wata maƙwabciya ta leƙo da goyo.

"Inna, ya ƙarin haƙuri? A ɗan sam mani ruwan nan, yaron haƙori yake fitarwa."

Inna ta karkata tasar ta tsiyaya mata a murfin kwano, kamar mai ba da aron gishiri.

Na fito tsakar gida don kada in faɗi abin da bai dace da gidan makoki ba. Can ma ban tsira ba. Mata sun cika tabarmi, ana ta "Allah ya jiƙan Malam Mai Dutse". Wata dattijuwa ta ce mutum ne mai haƙuri, ba ya cin haƙƙin kowa, sai dai boko ya ɗan taɓa shi. Ta katanga ina jiyo maza a rumfa. Wani ɗan kasuwar hatsi, cikin tsofaffin ɗalibansa, yana cewa, "Shi ya koya mana labarin ƙasa. Wallahi har yau ban san mi zan yi da ramukan wata ba." Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, sannan aka tuna inda ake, aka shafa fatiha.

Kowa ya yabe shi, kowa kuma ya ƙare da "sai dai". Wannan "sai dai" ɗin ce ta hana ni sukuni shekara da shekaru, ita ce kuma ta sa na zauna yau nake rubutun nan. Yaran gidanmu da suka taso bayansa ba su san komai game da shi ba in ban da laƙabin.

Yayan mahaifiyata ne. Asalinmu Rawayau, gidan malamai, inda babban yayansu, wanda duk muke kira Malam Babba, yake riƙe da makarantar allo da limancin unguwa. Kawu shi kaɗai ya bi boko har ya zama malamin sakandare a Dutsin-Ma, a gidansa kuma na zauna duk tsawon karatuna. Dogo ne siriri, hularsa kullum a ture take baya kamar tana shirin faɗuwa. Ba ya cin goro amma ba ya rabo da shi a aljihu, don masu gadi da masu facin taya. Idan ya ga tukunya mai kyau ko sabuwar fartanya, sai ya juya ta a hannu ya ce, "Komi kika gani da siffa, bugu ya sha."

Labarin dutsen kuwa na ji shi sau ba adadi, ban taɓa gajiya ba. Yana saurayin malami, ya je gida taya yankan gero. Rana tsaka, sama tas, ko gajimare babu. Sai suka ji ƙara kamar an yaga sabon yadi daga wannan gefen sama zuwa wancan, sannan wani gunji, awaki suka watse. A ƙarshen gona suka tarar da rami, ƙasa ta fantsama kewaye da shi. Kawu ya zura hannu har gwiwar hannu ya zaro shi. Dattawa suka ce gatarin aradu ne, kada a taɓa sai an zuba nono.

"Aradu ba hadari?" in ji shi. Ya naɗe abinsa a riga ya taho da shi.

Tun daga ranar bai ƙara kiransa dutse ba. Baƙo yake ce masa. Ya ajiye shi bisa kabad cikin wani farin ƙyalle, Inna ma ba ta isa ta share wurin ba.

Ranar Asabar da hantsi yana da wata al'ada da ta ishi Inna. Zai ɗauko babban tirenta, ya shimfiɗa toka mai kauri, ya tankaɗe jan ƙasa a kai da rariyar garinta, sannan ya kife turmi ya hau, ya riƙa sako tsakuwa ɗaya-ɗaya daga sama.

"Kowa mijinta cefane yake kawo mata," Inna za ta ce daga madafa, "ni nawa tokar murhu yake kwashe mani."

"Ki yi haƙuri, uwargida, yanzu za a mayar maki da ita da riba. Ɗiyata, zo ki gani."

In na leƙa, ga rami kewayayye da ɗan tudu a bakinsa, farar toka ta yi tsiri-tsiri a kan jan ƙasa kamar zanen lalle. Ya ce haka fuskar wata take, duk tabon duwatsun da suka faɗa masa ne, don can ba ruwan sama ba iska da za su shafe. Duniyarmu ma ta sha irin wannan jifa, har ta fi, amma damina da tsiro sun rufa mata asiri. Ya ce akwai wani ƙaton da ya taɓa faɗowa ya kawo ƙarshen manyan halittun da suka mallaki duniya, ƙananan da suke ɓuya a ramuka suka samu sarari. Ya ce masana suna zaton wani kaso na ruwan da muke sha, da wasu sinadaran da ake gina jikin mai rai da su, a cikin irin waɗannan baƙi suka iso. Kullum sai ya jaddada "suna zato", ba ya yarda ya mayar da zato tabbas.

"Allah ne ya yi, ba gardama," yakan ce. "Ni dai sawun aikin nike son gani."

A lokacin ni hankalina yana kan littattafan soyayya da muke karɓa haya a kasuwa. Wata rana ya kama ni da ɗaya a gindin darbejiya. Na zaci faɗa zai yi. Sai ya zauna ya ce, "A ina suka haɗu?"

"A ƙofar shago, Kawu. Suka yi karo, kayanta suka zube."

"Kin gani ko? Marubutanku ma sun san ba a fara komi sai an yi karo."

Daga nan ya ba ni labarin da har yau ban karanta wanda ya kai shi ba. Ya ce tun duniyar nan tamu tana ɗanya, wata duniya ta taho ta yi karo da ita, karon da ya narkar da su duka biyun. Abin da ya fantsama sama bai ɓace ba, ya taru ya dunƙule ya zama wata. Tun daga lokacin yake kewaya ta, fuska ɗaya yake nuna mata, bai dawo ba bai kuma tafi ba. Na yi kwanaki ina tausayin wata. Ya yi mani dariya ya ce shi ilimi ya ba ni, ni kuma na mayar da shi kuka.

Rigimarsa da Malam Babba a wata babbar Sallah ta faru, a zauren Rawayau, ana tsakiyar rabon nama. Mutane suna cewa wai Malam Babba ya kafirta shi. Ƙarya ne, ina wurin, ni na kawo masu ruwa. Abin da ya ce shi ne:

"Ka binne abin nan. Mata sun fara aiko yara suna tambaya ko za a jiƙa masu. Gobe za a ce shi ke warkarwa, alhakin kuma a wuyanka."

"Yaya, don wani zai iya faɗawa rijiya sai a cike ta?"

"Rijiya ruwa take bayarwa. Wanga mi ya ba ka ban da surutu?"

"Kai ne fa ka karantar da ni cewa an umurce mu mu duba halitta."

"An ce ka duba. Ba a ce ka ɗauko ka aje bisa kabad ba."

Zaure ya kwashe da dariya. Kawu ya tashi ya shuri takalmansa ya hau mashin, ko kasonsa na nama bai ɗauka ba, abin da Inna ta yi wata guda tana mita a kai. Sun shirya daga baya, kamar yadda 'yan uwa suke shiryawa, ba wanda ya ba wani haƙuri. Amma duk haɗuwa sai Malam Babba ya ce, "Ya baƙonka, bai tahi ba?" Kawu ya ce, "Sai ya ga ɗakinka tukuna."

Sau ɗaya na san baƙon ya kwana a wani gida. Bayan aurena a Kurfi na yi ɓarin cikina na fari, wata na bakwai. Masu dubiya suka yi ta zuwa, kowa da wa'azinsa, ni kuwa na juya fuska bango. Da la'asar sai na ji ƙarar mashin ɗinsa. Ya shigo ya zauna a bakin ƙofa, bai ce mani in yi haƙuri ba. Ya kwance farin ƙyallen ya ɗora mani dutsen a tafin hannu. Nauyinsa ya ba ni mamaki, kamar ba girmansa ba.

"Riƙe mani shi," ya ce. "Ya yi tafiyar da ba mai iya ƙirgawa, cikin sanyi da duhu, ya ratso wuta, ya iso. Ƙasar nan da kike kwance a kai, ba irin dukan da ba ta sha ba. Bayan nan ne ta yi tsiro. In kin gaji da riƙo ki aiko mani."

Ya bar mani shi mako guda, mutumin da ba ya bari a share kusa da shi. A makon nan na fara cin abinci.

Don haka in na ce ina jin haushinsa, a san haushin wanda ake ƙauna ne. Ina jin haushinsa kuwa har gobe. Da aka buɗe jami'a a Dutsin-Ma, ya sa babbar riga ya ɗauki baƙonsa ya tafi. Wani matashin malami ya karɓe shi da girmamawa, ya kara maganaɗisu ya ga ya kama, ya juya shi ya sake juyawa, ya ce alamu duk sun nuna, amma tabbaci sai an yanki ɗan ƙanƙane, kamar ƙwayar gyaɗa, an aika inda ake da na'urar gwaji. Shekara nawa Kawu yana jiran mai faɗa masa haka? Sai ya naɗe ƙyallensa ya yi godiya ya dawo gida.

"Kawu, ƙwayar gyaɗa fa aka ce!"

"Ya ratso abin da ya ratso ya iso lahiya, sai a hannuna za a sa mashi wuƙa?"

Ya ce akwai wani da ya taɓa faɗowa a ƙasar Katsina tun kafin a haife ni, wanda daga baya aka gano daga duniyar Mars ya fito, yanzu gutsattsarinsa suna warwatse a ƙasashen waje, mutanen da ya faɗo a gonarsu ko labari ba su da shi. Na ce wannan daban, malamin nan ɗan gida ne. Na ce in bai yarda ba, har abada Malam Mai Dutse za a riƙa ce masa ana murmushi. Ya ce zai yi shawara. Kowace Sallah na tambaye shi, kowace Sallah yana shawara. Mutumin da ya koya mani cewa komai sai ya sha bugu yake yin siffa, shi ne ya kasa bari a ɓanɓari abinsa.

Yana cikin shawarar ciwo ya same shi. Ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke, idanu kawai suka rage. Na riƙa zuwa dubiya, in zauna in ba shi labari, yana kallona, yana kallon saman kabad. Ƙyallen yana nan a naɗe kamar kullum, ban kawo komai a raina ba.

A ranar sadakar ukun nan, da mata suka ragu, na koma ɗakin Inna na zauna kusa da tasar.

"Inna, yaushe aka fara?"

Ba ta yi kamar ba ta gane ba. Ta gyara mayafin takaba ta ce, "Ɗiyata, mi zan yi? Asibiti mun je, allura mun yi, rubutu ya sha. Wata ta ce mani, ga magani a ɗakinki kina nema a waje, abin da ya sauko daga sama ai ba banza ya sauko ba. Sai na riƙa goga shi a dutsen niƙa da ruwa kaɗan, in ba shi a cokali. In na gama in mayar cikin ƙyallen."

"A gabansa kike gogawa?"

"To a ina? Ba na iya barinsa shi kaɗai. Shina jin ƙarar sai ya kama wani gurnani. In na kawo cokalin ya datse baki, hawaye na zuba. Na ce zafin ciwo ne. In ta lallashi, Malam sha, Malam don Allah sha, naka ne fa, baƙonka ne."

"Ya sha?"

"Daga baya ya daina ƙi."

Na rasa inda zan ajiye fushina. Matar nan ta yi shekara tana juya shi, tana wanke shi, barcin kirki ba ta yi ba. Abin da ya fi ƙauna ta ɗauko ta ba shi, don a ganinta ba abin da ya fi shi ƙarfi a gidan. Shekara arba'in tana jin bayaninsa daga madafa, ba ta taɓa musa masa ba, ashe ko sau ɗaya bayanin bai shiga ba. Ya hana masana ƙwayar gyaɗa, ya kwanta yana kallo ana shayar da shi rabin abin. Da maƙwabta suka ji, su ma suka riƙa kawo murafan kwanoninsu.

Amma rabi ya rage, rabi kuma ya isa gwaji. Ranar sadakar bakwai na tsame shi daga ruwan na kai wa Malam Babba a zauren gidan Kawu, don yanzu shi ne mai cewa a yi. Na durƙusa na faɗa masa komai. Na ce malamin jami'ar yana nan, a ba ni izini in kai masa, ko don a san cewa ƙaninsa ba taɓaɓɓe ba ne.

Ya karɓa ya goge shi da bakin rawaninsa, ya daɗe yana shafa gefen da ya siɗe.

"Kin ga abin da na guda," ya ce. "Na faɗa mashi tun shina da rai. In aka kai shi can aka ce lalle daga sama ya zo, kina zaton matan nan za su ragu? Ƙaruwa za su yi."

"Malam, sunansa fa."

"Sunansa na wurin Allah. Tashi ki shiga gida."

Ya jefa shi aljihu. Washegari ya koma Rawayau, ya fita shi kaɗai da fartanya, ya binne shi a gonar da ya faɗo, bai faɗa wa kowa wurin ba. Na yi kuka kamar ranar aka yi rasuwar. Na daɗe ina gaishe shi da baki kawai.

Bai kuma samu abin da yake so ba. Labari ya fita cewa dutsen yana gonar, sai mata suka koma ɗibar ƙasar gonar a gefen zane, ta ko'ina, suna jiƙawa. Ya yi wa'azi ya gaji.

Malam Babba yana nan da rai, ya tsufa tukuf, idanunsa sun yi hazo, ya bar wa ɗansa limanci da makaranta. Shekarun baya ya aika a kira ni. Na same shi a zaure, ya ce in zauna in faɗa masa abin da ƙaninsa yake cewa game da wata, tun daga farko, don shi bai taɓa tsayawa ya ji ba. Na faɗa masa. Bai ce ya yarda ba, bai ce bai yarda ba. Ya tambaya ko malamin nan yana jami'ar har yanzu. Na ce an ce yana nan. Ya ce to in zo bayan girbi, zai tono mani.

Na zo. Muka shiga gonar, yana dogara sanda, ya tsaya a wani wuri ya ce nan ne, daidai inuwar gawo. Amma an sare gawon tuntuni, an raba gonar, garmar shanu ta bi ta kanta damina bayan damina. Aka haƙa nan, aka haƙa can, ba komai sai saiwar gero. Bara ma mun je, bana ma. Yanzu ba ya jira na. An ce da zarar an kwashe amfanin gona, kullum da hantsi sai ya fita a hankali, yana bin kunyoyin gonar ɗaya-ɗaya yana caka sandarsa, in ta daki wani abu mai tauri ya durƙusa ya tono, ya auna nauyinsa a hannu, ya jefar. Masu wucewa kan mashin suna rage gudu su gaishe shi, in sun yi gaba su kaɗa kai.

Zuwana na ƙarshe na ce masa ya bari haka nan, ya huta, Allah ya ga niyya. Bai ɗago ba.

"Shi ya tono shi, ni na mayar," ya ce. "Matsa, ɗiyata, kin tsaya mani bisa inda ban duba ba."

Allah ya haskaka kabarin Kawu, ya nuna masa sawun aikin da ya so gani.